Yadda Ake Gano Matsalar Injin Da Ke Mutuwa Idan Ya Ɗauki Zafi

Mota ta tashi lafiya da safe a Ƙanƙara, amma kafin a kai 'Yargoje ta fara shaƙewa, a taka totur ba ta amsawa, sai ta mutu. A bar ta ta huce na minti ashirin, ta tashi kamar ba ita ba. Duk wanda ke bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ya san ba wurin da za a tsaya jiran inji ya huce ba ne, musamman da yamma, saboda matsalar tsaro. Don haka a gida ya kamata a kama wannan cuta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne kai wa bakanike motar tana sanyi, ya duba bai ga komai ba, ya canza fulogi ya sallame ka. A bar ta tana aiki a gareji, ko a zagaya da ita cikin gari har ta mutu, sannan a yi gwaje-gwajen nan kafin ta huce.

1. Dubi allurar zafi

Yawancin injuna suna aiki ne a wajen digiri 90. Idan allura ta doshi ja, matsalar ta sanyaya inji ce: ƙarancin ruwa, lagireto da ya toshe, ko fanka da ba ta juyawa. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi. Idan allurar tana daidai, a wuce gaba.

2. Lura da yadda ta mutu

Idan ta ɗauke farat ɗaya kamar an kashe makulli, a zargi wuta. Idan kuwa ta yi ta fizga, ƙarfi yana raguwa kafin ta mutu, a zargi mai.

3. Gwajin wuta

A zare wayar fulogi ɗaya, a sa mata wani fulogi, a ɗora shi kan ƙarfen inji, wani ya murza makulli. Kada a riƙe da hannu. Idan babu tartsatsi yanzu alhali akwai shi da sanyi, abu biyu ne kan gaba: kwayil, ko sensar da ke karanta juyawar inji. Siririyar wayar da ke cikinsu kan rabu idan zafi ya buɗa ta, ta sake haɗuwa idan ta huce. A Golf 3 a duba ko jikin kwayil ya tsage, a duba kuma sensar da ke cikin distirbuta. Mai rewaya zai iya auna su da mita da sanyi, ya sake aunawa da zafi. Wanda awonsa ya ɓace da zafi shi ne mai laifi.

4. Gwajin mai

A fara da na kyauta: a buɗe murfin tanki. Idan aka ji ya zuƙi iska da ƙarfi kuma motar ta tashi, hanyar shan iskar tankin ce ta toshe. Sai a kunna makulli ba tare da tayarwa ba, a saurari famfon mai. Ya kamata ya yi ƙugi na kamar daƙiƙa biyu. In shiru ne, a gwada canza rile da fis ɗinsa kafin a sayi sabon famfo.

Famfon da ke cikin tanki fetur ne ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, direbobi da yawa lita kaɗan suke zubawa, famfo yana ta aiki a tanki kusan wayam har ya gaji. Man 'yan bumburutu mai datti kuma yana toshe filta, famfon ya ƙara wahala.

5. Bari waya ta taya ka

Akwai ƙaramar na'ura, ELM327, da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth, a karanta da manhaja irin su Torque. Lambar P0335 tana nuna sensar juyawar inji, P0300 fashin wuta, P0171 mai ya yi wa iska kaɗan, P0117 da P0118 kuma sensar zafin ruwa. Wannan tsari na OBD2 ya zama dole a Amurka daga 1996, a Turai kuma daga 2001 ga motocin fetur, don haka tsohuwar Golf 3 ta Turai kan buƙaci na'urar Volkswagen. Lambar wurin dubawa kawai take nunawa, wani lokaci waya ce ta goge, sensar lafiyarta ƙalau.

Masu babur

A Boxer da ire-irensa, bayan kwayil da CDI da murfin tanki, a duba bawul. Idan an ɗaure shi da yawa, da ƙarfe ya yi zafi ba ya rufuwa sosai, sai ƙarfi ya zube, babur ya riƙa mutuwa a sulo. Shi wannan da sanyi ake saita shi.

A riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, domin a san wanda ya yi maganin. Bayan gyara, a zagaya cikin gari fiye da lokacin da ta saba mutuwa kafin a ɗauki fasinja a hau hanyar Sheme.