Rigar Matsi da Sa'o'i Biyun Mai Jego

Idan aka ambaci masu kai agajin gaggawa, abin da ke fara zuwa zuciyar mutumin birni shi ne 'yan kwana-kwana da jar motarsu, ko ma'aikatan kiyaye haɗurra da ke tsaye a bakin titi, alhali kuwa a ƙauyukanmu, inda mafi yawan mata suke haihuwa a ɗakunansu, waɗanda masifa take fara tararwa su ne ungozoma, da ma'aikacin ƙaramin asibiti, da direban da aka buga wa ƙofa da tsakar dare. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma, aikina ya haɗa da raka mata cikin motar asibiti da koyar da ma'aikatan karkara, saboda haka ma'aunin da nake auna kowane sabon kayan aiki da shi guda ɗaya ne, watau ko zai ƙara wa mara lafiya lokaci a kan hanya, a hannun wanda ba likita ba, a wurin da babu lantarki.

Likitoci sun ƙayyade cewa idan mace ta zubar da rabin lita na jini bayan haihuwa, to abin ya wuce al'ada, idan kuwa ya kai lita guda ya zama mai tsanani, kuma galibi sababinsa shi ne mahaifa ta ƙi tsukewa bayan fitar jariri. Mace lafiyayya, wadda ta yi naƙuda lafiya har aka yi guɗa, tana iya cikawa cikin sa'a biyu in ba a tsai da jinin ba. Kuma duk wanda ya san yadda ake neman mota, da neman izinin maigida, da tara kuɗin mai, da ƙetare rafi a cikin damina, ya san sa'a biyu ba ta isa komai ba.

Asalin abin da nake so in yi bayani a kansa daga Amurka yake, kuma daga sararin sama. Matuƙan jiragen yaƙi suna da wata riga mai matse ƙafafu da ciki, domin kada jini ya gudu daga kai su suma sa'ad da jirgi ya yi juyi mai tsanani. A shekarar 1969 likitocin asibitin Jami'ar Stanford, bayan tiyata da ƙarin jini sun kasa tsai da jinin wata mai jego, suka nemi taimakon masanan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, aka gyara irin wannan riga aka sa mata, Allah kuwa ya nufa ta rayu. Daga bisani aka sami irinta da ake hura wa iska, wadda sojoji da motocin asibiti suka yi zamani suna aiki da ita, sai dai tana bukatar famfo da ma'auni, in an cika iska kuma tana iya cutar da ƙafafu, har farin jininta ya ragu. Hikimar da ta biyo baya ita ce aka jefar da iskar gaba ɗaya, aka ɗinka rigar da roba mai taushi mai miƙewa, da maɗauri mai mannewa da kansa irin na takalman yara, ta yadda ƙarfin hannun mutum kaɗai ya isa.

Rigar yanki-yanki ce har shida. Ana shimfiɗa ta, a kwantar da mara lafiya a kai, a fara naɗewa daga idon sawu, a hau ƙwauri, a hau cinya, sa'an nan ƙugu, sa'an nan ciki, inda akwai wani dunƙulen soso da ake ɗorawa daidai cibiya, yanki na shida kuma ya rufe shi. Mutum biyu suna iya haɗuwa a kan ƙafafu, amma ƙugu da ciki mutum ɗaya ne yake ɗaurewa, don kada matsin ya wuce kima. Matsin yana kora jinin da ya rage zuwa zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa, yana kuma rage wanda ke kwarara zuwa mahaifa, kuma da yake an bar gaban mace a buɗe, ana iya duba ta, a cire ragowar mabiyiya, a ɗinke yagewa, ba tare da an kwance komai ba. Wanda ya ƙware yana gamawa cikin minti kamar biyu, kuma sau da yawa na ga macen da jikinta ya yi sanyi, gumi ya karyo mata, ba ta amsa kira, ta buɗe ido ta tambayi jaririnta tun ba mu bar gari ba.

Ƙasarmu tana da hannu a tabbatar da amfanin wannan riga, domin binciken da Farfesa Suellen Miller ta Jami'ar Kalifoniya ta jagoranta a Masar da Nijeriya ya shafi asibitocin Ibadan da Kano da Katsina, kuma ya nuna raguwar zubar jini da raguwar mace-mace a tsakanin waɗanda aka sa wa rigar. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita cikin shawarwarinta, amma fa da sharaɗin da ya kamata kowa ya riƙe: abar riƙon ƙwarya ce kafin a kai ga cikakken magani.

A nan ne nake roƙon iyayenmu mata da 'yan rakiya su ba ni kunnuwansu. Idan mai jego ta farfaɗo, abu na farko da takan ce shi ne, "Inna, ya matse ni, ku sassauta mini," uwa kuwa, da tausayin da Allah ya halitta mata, sai ta faki idon ma'aikaciya ta ɓalle yankin ciki, tana tsammanin alheri ta yi. Wannan sassautawa tana iya kashe ta nan take, domin jinin da aka tara a sama zai gangaro gaba ɗaya, zuciya ta rasa abin bugawa. Ƙa'idar kwance rigar tana da tsauri: sai a asibitin da ke da ikon tsai da jinin, sai jinin ya tsaya, bugun zuciya da awon jini sun daidaita har tsawon sa'a biyu, sa'an nan a fara daga idon sawu, ana jiran minti 15 tsakanin yanki da yanki, in awon jini ya sauka da 20 ko bugun zuciya ya hau da 20 a mai da rigar nan da nan. Haka kuma farfaɗowarta ba hujja ba ce ta cewa a juya da mota a koma gida, ko maza su watse a bar batun ba da jini, gama rigar ba ta ƙara ko ɗigo ɗaya a jikinta ba. Ba a kuma sa ta ga mai cikin da ɗanta yake da rai a ciki, ko wadda jininta yake zuba daga ƙirji.

Nakan ji mai cewa in ajali ya zo riga ba ta tare shi. Gaskiya ne, babu mai jayayya. Sai dai malamanmu sun lissafa kiyaye rai cikin darurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, kuma ba su taɓa ɗaukar riƙon sababi a matsayin kishiyar tawakkali ba.

Akwai wasu kayan da suka biyo baya, masu sauƙi kamarta. Ido yana yaudarar ungozoma wajen ƙiyasta jini, musamman in zane da katifa sun shanye shi, saboda haka aka ƙera wata leda mai aljihu da ma'auni da ake shimfiɗawa ƙarƙashin mai haihuwa. Binciken da aka bayyana a 2023, wanda ya shafi asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarenmu, ya nuna cewa amfani da ledar tare da ba da magunguna a lokaci guda, maimakon ɗaya bayan ɗaya, ya rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin ɗari.

Abin da ya fi damuna a yanzu bai shafi ɗakin bincike ba. Rigar tana tafiya ne da mara lafiya, saboda haka ƙaramin asibitin da yake da guda ɗaya tak, ranar da ya yi amfani da ita ranar ya rasa ta, domin a babban asibiti za a cire ta bayan kwana ɗaya ko biyu, a jefa cikin kayan wanki, babu wanda ya san daga wane ƙauye ta fito. Na sha buɗe kabad in tarar da riguna a tare wuri guda, alhali wuraren da suka aiko su suna zaune hannu rabbana. Wasu kuma ruwan bilic mai ƙarfi ya cinye robarsu, ko an naɗe su a jiƙe maɗaurin ya daina kamawa, ga shi kuwa an ƙera su domin a wanke a sake sawa sau da dama. Injiniyoyinmu da ɗaliban kwalejojin fasaha da ke neman abin ƙirƙira, ga fili: robar da za ta jure zafin Maris da Afrilu, da girman da ya dace da jikin 'yan matanmu masu haihuwar fari, da farashin da ƙaramar hukuma za ta iya saye ba sai ta jira masu ba da tallafi ba. Kafin wannan ya samu, tsarin da na ga yana aiki shi ne musaya a bakin ƙofa: a rubuta sunan asibiti a jikin kowace riga, direba kuma, ko na motar asibiti ne ko na ƙungiyar direbobi masu sa kai, kada ya tayar da mota sai an miƙa masa wankakkiya a madadin wadda ya kawo.