Yadda Ake Karɓar Kyanwar Titi Mai Tsoro Har Ta Saba Da Gida

Kyanwar da ake gani tana raɓe-raɓe a gindin katanga, wadda take arcewa da zarar ta ji takun mutum, ba ta wuce ɗayan biyu: ko dai ta taɓa zama a gida sannan ta ɓata ko aka kore ta, ko kuma a kango aka haife ta, hannun mutum bai taɓa hawa jikinta ba. Masana ɗabi'un dabbobi sun nuna cewa ɗan kyanwa yana koyon yarda da mutane ne tsakanin mako 2 zuwa mako 7 da haihuwarsa, saboda haka ta farko tana da tsohon sabo da za a farfaɗo da shi, ta biyu kuwa daga tushe za a fara. Wadda ta san gida takan fito da rana, ta yi wa mutum kuka daga nesa, alhali haifaffiyar kango takan yi shiru, ta lafe a ƙasa, ba ta fitowa sai dare.

Matakin farko shi ne abinci, kuma tsayar da lokaci ya fi daɗin abincin muhimmanci. Ana ajiye kwano a wuri ɗaya kullum, a lokaci ɗaya, musamman bayan magariba ko da asuba, domin a nan ne kyanwa ta fi fita nema. Dafaffen kifin da aka cire wa ƙaya, ko naman kaza, ko dafaffen ƙwai, tare da ruwa mai tsabta, sun wadatar. Ragowar tuwo da miya ba abincinta ba ne, domin jikinta nama yake bukata, sannan albasa da tafarnuwa suna lalata mata ƙwayoyin jini. Madarar shanu ma, wadda aka ɗauka gata ce, takan sa yawancin manyan kyanwowi zawo. A kwanakin farko ana ajiye kwanon a bar wurin gaba ɗaya, sannan a ɗauke ragowar bayan kamar rabin sa'a, don kada tururuwa ta mamaye shi, kuma don ta gane cewa zuwan wannan mutumin ne yake kawo abincin.

Mataki na biyu, wanda shi ne ainihin aikin, shi ne rage tazara, kuma kyanwar ce take da ikon yanke yawan abin da za a rage. Idan ta fara ci ba tare da yawan waige ba, sai mai ciyarwar ya shimfiɗa tabarma daga nesa ya zauna a ƙasa, ya ba ta gefen jikinsa, kada ya tsaya a kanta, kada kuma ya zura mata ido, tunda a wurin kyanwa kallon ƙurilla barazana ce. Idan idanunsu suka haɗu, sai ya lumshe nasa a hankali ya kau da kai. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Sussex ta Ingila, aka wallafa a 2020, ya gano cewa kyanwowi sun fi kusantar baƙon da ya yi musu irin wannan lumshe ido. Bayan haka ana matso da kwanon kaɗan-kaɗan, taku ɗaya bayan kwana biyu ko uku, ana kiranta da murya ƙasa-ƙasa da irin kiran da aka saba, kuma duk ranar da ta ƙi ci saboda kusanci sai a mayar da kwanon inda yake jiya. A gida mai yara da yawa a nan ake samun cikas, domin kora ɗaya da sanda ko jifa tana iya rushe aikin makonni, don haka wajibi ne a ja musu kunne tun farko.

Taɓawa ba ta zuwa sai kyanwa ta nema. Ana miƙa yatsa ɗaya daidai hancinta a tsaya. Idan ta sunsuna ta goga kuncinta a kai, ta ba da izini ke nan, sai a shafa kuncin da ƙarƙashin haɓa, a bar ciki da wutsiya. Idan kuwa ta kwantar da kunnuwa baya, ta tayar da gashin wutsiya, tana huci, sai a janye hannu.

Kafin a shigar da ita ɗaki ya kamata a duba cikinta, domin idan nonuwanta sun kumbura kuma gashin kewayensu ya kwanta, tana shayarwa ne, kulle ta kuwa yana nufin mutuwar 'ya'yan da ta ɓoye a wani lungu. In ba haka ba, ana jawo ta da abinci zuwa ƙaramin ɗaki maras hayaniya, a sa mata kwali da tsumma a ciki don ta samu maɓoya, da kaskon yashi nesa da kwanon abinci don bahaya. Takan yi kwanaki a ɓoye, kuma kuskure ne a jawo ta waje da ƙarfi. Wanda ya kulle ta ya ɗauki nauyin cinta da shanta, lamarin da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya yi gargaɗi mai tsanani a kansa.

Daga nan sai likitan dabbobi, ko a asibitin gwamnati ko a na koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, domin allurar rigakafin ciwon haukan kare, wanda yake kama kyanwa ma, da maganin tsutsar ciki da na ƙuma. Kada a ba ta farasitamol ko kaɗan, domin ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta umarta, sannan ya tafi asibiti a ranar, mace mai ciki kuma ta bar wa wani kwashe kaskon yashi. Yana da kyau a yi mata aikin hana haihuwa, muzuru kuma a fiɗiye shi, tunda macen tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, ta haihu bayan kamar kwana 65.

Babbar kyanwar da aka haifa a kango, wadda aka yi watanni ana ciyarwa amma ta ƙi yarda a taɓa ta, ba a tilasta mata zaman ɗaki. Abin da ya fi dacewa da ita shi ne a yi mata rigakafi da aikin hana haihuwa, a ci gaba da ajiye mata kwano da ruwa a tsakar gida, ta riƙa shiga da fita yadda take so.