Karin Magana a Harsuna Uku

Safana da Batsari suna yammacin Jihar Katsina, kusa da dajin Rugu. Yawancin mutanensu manoma ne da makiyaya. In damina ta kankama, aka kwana ana sheƙa ruwa, da safe manomi yakan ce, "Jiya an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya." Ba wanda zai fita neman ƙwaryar, gama kowa ya san abin da ake nufi.

Wata rana wani ɗan makaranta a Safana yana karanta littafin Turanci, sai ya iske an ce sama tana zubo da kyanwoyi da karnuka. Ya juya maganar da Hausa kalma bayan kalma, ya karanta wa 'yan ajinsu, suka fashe da dariya. Malaminsu ya tsawata musu, ya ce, "Kalmomin duk ya same su daidai, ma'anar ce ta kuɓuce masa. Haka mutanen Ingila suke faɗa in an yi ruwa mai yawa. Ruwa kamar da bakin ƙwarya ke nan."

Malamin ya kuma ba su labarin wata ƙasa ta Turai mai suna Sifen. Larabawa suna kiran wani yankinta Andalus, inda Musulmi suka yi mulki tun daga shekarar 711 har zuwa 1492. Ana jin harshenta a Meksiko da Ajantina da waɗansu ƙasashe da yawa. Su kuwa mutanen Sifen, in ruwa ya yi ƙarfi, cewa suke yi ana zubo shi da tuluna. Ashe tulunsu da ƙwaryarmu aikinsu ɗaya.

Ga wani misali. Bahaushe yakan ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Mutumin Ingila yakan ce tsuntsu ɗaya a hannu ya kai darajar biyu a cikin daji. Na Sifen kuwa ya ce tsuntsu ɗaya a hannu ya fi ɗari masu shawagi a sama. Dukansu gargaɗi ɗaya suke yi, watau kada mutum ya saki kaɗan ɗin da ya samu don kwaɗayin mai yawa wanda bai zo hannu ba.

Haka kuma in ɗa ya ɗauko halin ubansa, Bahaushe yakan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A Ingila sai a ce ɗan guntu ne da aka sare daga tsohon gungume. A Sifen kuwa a ce yadda itace yake, haka sartsensa yake.

Kowace al'umma tana ƙulla karin maganarta da abin da idonta ya saba gani, amma hikimar da ke ciki takan zama ɗaya. Masana sun daɗe da lura da wannan. A shekarar 1905 wani Bature mai suna Merrick ya buga littafin karin maganar Hausa a London. A 1966 kuma Kirk-Greene ya tattara guda 500 tare da fassararsu, ya sa wa littafin suna Hausa Ba Dabo Ba Ne.

Saboda haka mai fassara ba ya bin kalmomin karin magana ɗaya bayan ɗaya. Sai ya fara gane ma'anarta tukuna, sa'an nan ya nemo 'yar'uwarta a harshensa. In bai samu ba, ya faɗi ma'anar a sarari.

Tambayoyi

1. Me ya sa 'yan aji suka yi wa yaron dariya?
2. Yaya mutanen Sifen suke kwatanta ruwa mai yawa?
3. Mece ce ma'anar "ƙwai a baka ya fi kaza a akurki"?
4. A tambayi wani dattijo a gida karin magana uku a kan noma ko kiwo, a rubuto su tare da ma'anarsu.