Yadda Ake Kula da Ɗan Ingarma Kafin Fiɗiya da Bayanta

A ƙasarmu ingarma shi ne dokin hawa, shi ake yi wa ado ran Salla. Saboda haka fiɗiye doki bai yawaita ba kamar na bijimi ko bunsuru. Amma akwai dokin da fiɗiya ita ce maslaharsa, watau wanda ba a bukatar irinsa, ko wanda faɗa ya hana shi zama cikin dawaki, ko kuwa wanda za a ba yara su koyi hawa. An shirya wannan bayani domin hakimai, da malamansu waɗanda za su karanta wa masu kiwon dawakin.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, wuƙa ba ta koya wa doki ladabi. Dukushin da aka bari ya saba da cizo da harbi, da su zai tashi bayan an fiɗiye shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kafin a yi aikin

Galibi ana fiɗiye doki tsakanin wata 6 da shekara 2. Tun da sauran mako uku ko huɗu a fara horar da shi kowace rana. A saba masa da ragama, ya bi mai jansa, ya tsaya in an ce ya tsaya. A riƙa shafa wuyansa inda za a yi allura, sa'an nan cikinsa da cinyoyinsa, a hankali, har ya daina zabura.

Mai jansa ya tsaya daidai kafaɗarsa ta hagu, gama na gaba shi ake cizo ko a make shi da ƙafar gaba, na baya kuwa shi ake harbi. Kada ya kuskura ya naɗe igiya a hannunsa, domin in dokin ya fizga yana iya karya masa yatsu ko ya ja shi a ƙasa. Kada a ba shi dawa a tafin hannu, nan yake koyon cizo. Kada a buge shi a ka. A nisanta turkensa da na goɗiya, a kuma hana yara shiga barga.

Hunturu ya fi dacewa da wannan aiki, don ƙuda ya yi sauƙi. Da damina ƙuda da taɓo suna ɓata miki.

Aikin kansa na likitan dabbobi ne. Shi zai duba ya tabbata 'ya'yan marainan duka biyu sun sauko, gama in ɗaya ya maƙale a ciki aikin ya zama babba. Shi zai yi allurar barci ko ta kashe zafi, ya kuma faɗi lokacin da za a ɗauke abinci. Ƙarfen nan da ake dandaƙe bijimai da shi, mai suna Burdizzo, bai dace da doki ba. Lalle ne kuma a yi masa rigakafin cutar sarƙe haƙora, wadda likitoci ke kira tetanus. Ƙwayarta tana cikin ƙasa da kashin doki, ta miki take shiga, kuma yawancin dawakin da ta kama ba su tashi.

Ranar aiki

A zaɓi safiya, a share fili mai taushi wanda ba duwatsu, a yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. 'Yan kallo su kau. Sa'ad da dokin yake farfaɗowa yana tangaɗi kamar mai maye, nan ne akan ji rauni. Mutum guda ya riƙe kansa, kada a tilasta masa tashi, kada kuma a ba shi abinci sai ya warware sarai.

Bayan aiki

Yawanci likita yakan bar yankan a buɗe da gangan don ruwan miki ya riƙa fita. Kada a cusa toka ko ƙasa ko kashin shanu. Dokin ya huta kwana guda a wuri mai tsabta. Daga kashegari a riƙa jansa yana tafiya da ɗan sassarfa, minti 15 zuwa 20, safe da yamma, har mako biyu. Jama'a da yawa suna tausaya masa su bar shi a turke, alhali tsayuwar ce ke kawo kumburi, yankan ya toshe, mugunya ta taru. Mai duba mikin ya tsaya kusa da kafaɗa ya leƙa, wani na riƙe da kai. Kada ya durƙusa bayan ƙafafu.

A kira likita nan da nan in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Jini yana zuba kamar zare fiye da minti 15. Ɗigon da ake iya ƙirgawa ba abin tsoro ba ne.
2. Hanji ko wani nama ya leƙo ta yankan. A tallafe shi da ƙyalle mai tsabta da aka jiƙa, kada dokin ya taka shi ko ya kwanta.
3. Kumburi yana ta ƙaruwa bayan kwana biyar, ko dokin ya ƙi ci, ko zafin jikinsa ya kai digiri 39.
4. Jikinsa ya sanƙare, ya kasa tauna.

To, sai a kiyaye wannan ƙwarai: fiɗiyayyen doki yana iya yi wa goɗiya ciki cikin makonnin farko, zafin ransa kuma ba ya sauka rana ɗaya. A ware shi daga goɗiyoyi har mako shida, a riƙa bi da shi kamar ingarma. Wani ma, musamman wanda ya manyanta kafin a yi masa, ba ya barin halin duka.

Muna roƙon hakimai su sa malamansu su rubuta ranar aikin, da ranar allura, da ranar cikar mako shida, su kuma bayyana wannan ga dagatai da masu unguwanni. Doki dukiya ne, amma ran yaron da ke riƙe da ragamarsa ya fi shi tsada. Allah ya kiyashe mu, amin.