Darasin Girki: Biriyam, Gashin Kayan Lambu Ba Nama

Iyayena da yayyena, duk ranar da muka zauna lissafin cefane, nama ne ke cinye kaso mafi tsoka, wani lokaci har ya taɓa kuɗin zubin mako. Ga shi kuma da rani tumatir da albasa kan yi araha har su ruɓe mana a kwando. Shi ya sa na kawo mana wani girki na ƙasar Girka, can Turai a gaɓar tekun Bahar Rum. Suna kiransa biriyam. Yawancin mutanen Girka Kiristoci ne, kuma suna da azumin makonni kafin bikin Ista wanda ba a cin nama a cikinsa, don haka sun gwanance wajen sarrafa kayan lambu.

Su dankalin turawa suke haɗawa da babban yalo mai launin shunayya, da wata ɗanyar kabewa mai kama da kokwamba, da man zaitun. Mu za mu yi da abin da ke kasuwarmu: dankalin turawa 6, yalo 5, yankin kabewa, manyan albasa 2, tumatir 8, tattasai, tafarnuwa, gishiri da masoro. Man zaitun na da tsada, man gyaɗa ya wadatar, rabin gwangwanin madara. Su suna sa busasshen ganye mai ƙamshi da suke kira rigani, ni ɗoɗɗoya nake sawa.

A yanka dankali fale-fale, kabewa kuma da kauri, don ta fi saurin nuna. In yalon na da ɗaci, a barbaɗa masa gishiri, a bar shi minti 20, a matse. A jajjaga rabin tumatirin da tafarnuwa, a juye komai a roba tare da mai, a cakuɗa da hannu har kowane yanki ya sha mai. Sai a zuba a tukunya mai kauri, a jera sauran tumatirin a sama.

To, ga inda nake so ku saurare ni da kyau: wannan ba miya ba ce. Ranar da na fara yi, na tsaida ruwa kamar yadda hannu ya saba, abin ya koma fate, yaran gidanmu suka ƙi ci. Ludayi ɗaya na ruwa ya isa, kayan lambun za su fitar da nasu. Kuma ba a juyawa da muciya.

Can a obin suke gasawa. Mu garwashi kaɗan za mu sa a ƙasa, mai yawa a kan murfi, kamar masu gasa kek a tukunya. Wajen awa ɗaya da rabi yake ɗauka. Kusa da ƙarshe a ɗan zame murfin tururi ya fita. In ruwan ya tsotse, mai ya taso, bakin dankali ya yi ja, ya yi. A bari ya ɗan huce, ya fi daɗi a haka.

Mutanen Girka da burodi suke ci, da wani farin cuku mai gishiri da ake yi da nonon tumaki, sunansa feta. Mu sai shinkafa ko burodi. Amma tunda babu nama, a haɗa wa yara da mai ciki awara, ko wake, ko dafaffen ƙwai.

Kafin zama na gaba, mata biyu su gwada a gida. Kowacce ta rubuta, ko ta sa a rubuta mata, abin da ta kashe har da gawayi, da bakin mutum nawa ya ci. Za mu kwatanta da kuɗin tukunyar miyar nama.