Yadda Ake Zana Haruffan Ɗigo-ɗigo na Wasannin Bidiyo

Haruffan ɗigo-ɗigo su ne waɗanda ake ginawa da fiksel, wato ƙaramin ɗigon haske mai kusurwa huɗu wanda taruwarsa ke samar da hoto a fuskar na'ura. Ƙarancin wurin adana bayanai ne ya haife su a na'urorin wasa na da, irin Famicom da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, wadda ke zana rubutu a gidaje masu fiksel 8 a tsaye da 8 a kwance, kuma har yau wannan ƙuncin wuri shi ne ke ba su siffarsu.

Da farko mai zane yakan shata gidan harafi, ya rarraba shi kamar gurbin dara, sannan ya bar layi ɗaya a gefe da ɗaya a ƙasa babu komai domin kada haruffa su manne da juna, ta yadda ɗigo 49 kawai suke rage masa. Daga nan sai ya tsayar da kaurin layi, inda salon da kamfanin Namco ya yi amfani da shi a wasan Pac-Man na 1980 ya ba yawancin layukan tsaye ɗigo 2, na kwance kuma ɗigo 1. Yakan fara da H da O, domin su ne ma'aunin sauran: lanƙwasar O tana samuwa ne ta hanyar cire ɗigon kowace kusurwa, yayin da karkataccen layi, irin na A ko K, ake hawa da shi ɗigo bayan ɗigo bisa tazara ɗaya.

Aiki mafi wuya shi ne raba haruffa masu kama da juna, kamar O da 0, S da 5, ko B da 8, domin ɗan wasa cikin gaggawa yake duban makinsa, kuma ɗigo guda na iya rikita shi. Ƙananan haruffa masu jela, irin g da p, suna buƙatar wuri a ƙasan layi, yayin da rubutun Hausa ke ƙara nasa sharaɗin, tunda dole ne lanƙwasar ƙ, ɗ da ɓ ta fito fili, ko da za a rage tsawon jikin harafin, in ba haka ba ma'ana ta sauya.

A ƙarshe ana shigar da zanen cikin manhaja irin FontStruct, a haɗa kowane harafi da lambarsa ta Unicode, wato tsarin da kwamfutoci ke gane haruffa da shi, sannan a gwada shi a cikin wasan kansa. Ana ƙara girman rubutun ne da cikakken ninki kawai, 8 zuwa 16 zuwa 24, tare da kashe tsarin da ke sulɓe gefen haruffa, domin duk girman da ya faɗa tsakanin waɗannan yakan sa wasu ɗigo su fi wasu faɗi, rubutun ya dushe.