Aladu Masu Ciki a Lokacin Zafi: Me Za a Ƙara a Abincinsu?

Wani mai kiwon aladu daga yankin Kafanchan ya tambaya ko akwai ƙarin abinci da zai rage wa matan aladunsa wahala, ya kuma hana su ɓari a watan Maris da Afrilu.

Akwai, amma ruwa da inuwa su ne kan gaba. Alade kusan ba ya gumi, don haka zafi na galabaitar da mai ciki, musamman a watan farko cikin kwana 114 na goyon cikin, lokacin da 'ya'yan ke kama mahaifa. A nan aka fi asara.

Haɗin bitamin da ma'adinai na masu ciki, wanda ke ɗauke da bitamin E, seleniyom da folik asid, yana taimakawa. Dusar alkama kuma tana cika ciki, ta rage faɗan yunwa da taurin bayan gida. Kilo 2 zuwa 2.5 na abinci a rana ya isa. Ƙiba tana kawo wahalar haihuwa.

Masarar da ta yi fumfuna kuwa, komai arharta, a guje ta, domin gubarta na lalata ciki. Seleniyom ma idan ya wuce kima guba ne, shi ya sa likitan dabbobi ne ya kamata ya auna.